Muryar da Ta Ɓace a Falon Mama Saratu

Duk matashin da ya zo shagona neman koyon aiki, maganarsa ɗaya ce: "Oga, haɗa sifika ai ba wani abu ba ne, waya biyu ne kawai." Ba na musu da kowa. Waya biyu ce ɗin, ja da baƙa. Amma a kan waya biyun nan gemuna ya yi fari a garin Jalingo, kuma har yau in na durƙusa a bayan sifikar mutum ba na yarda da idona sai na gwada. Tunda kun ce abu ne mai sauƙi, ku ajiye salular nan ku ba ni kunnenku in ba ku labarin aiki guda. Ba aikin coci ba ne, ba na filin biki ba. Falon wata tsohuwa ne a Sintali, wadda muryar mijinta ta ɓace mata a cikin kaset.

Abin ya faru ne a shekarar da kasuwarmu ta kwanta, shekarar da 'yan akwatunan kiɗan nan marasa waya suka cika gari. Kafin zuwansu, da wuya ka shiga gidan ma'aikaci a Mayo Gwoi ko Sintali ba ka tarar da manyan sifiku biyu a falo ba, an lulluɓe musu kai da farin leshi, an ɗora furen roba. In ɗaya ta fara tari, mu ake aikowa a kira. Sai aka wayi gari kowa ya rataya ɗan akwatinsa a kafaɗa yana yawo da shi, in ya lalace a jefar a sayi wani. Cikin abokan sana'ata wani ya koma tuƙin keke, wani ya tattara ya tafi gona wajen Sunkani. Ni taurin kai ya zaunar da ni, ina gyaran tocila da fanka, ina korar ƙuda daga kan tebur. Raina ya ɓaci ƙwarai a shekarar nan, don na iya abu, an daina tambayata shi. Yau kun ga aiki ya dawo, masu gidan kallon ƙwallo da masallatai da coci-coci ba sa bari in huta, har masu falo sun gane ɗan akwati ba ya cika ɗaki. Amma a lokacin ban san zai dawo ba.

Wata safiya da damina, ruwa ya ɗauke ke nan, wata mata ta tsaya a ƙofar shago tana karkaɗe lema. Da guntayen zare maƙale a zaninta, daga baya na ji tela ce. Sunanta Laraba.

"Sannu Oga. Kai ne mai gyara sifika?"

Na ce, "Ni ne, in akwai mai son gyara."

Ta ce, "Sifika bai lalace ba, yana yi da kyau. Amma murya na babanmu ya ɓata a ciki."

Na tura mata benci. Mahaifinsu, Baba Yohanna, kafinta ne, ya rasu a shekarar da ta wuce. Ya daɗe yana cikin mawaƙan cocinsu, shi ne mai kaurin murya, wanda ke riƙe waƙa daga ƙasa in mata sun yi sama. Duk tsawon shekarun nan sau ɗaya aka taɓa ɗaukar waƙarsu, ranar da wani ya ajiye ƙaramar rikoda a kan benci a wajen bikin godiyar girbi. Kaset ɗin nan guda shi ne duk abin da ya rage na muryarsa a duniya. Bayan rasuwarsa, uwarsu, Mama Saratu, ba ta kwana ba ta tashi sai da shi, har tsohuwar rikodar gidan ta gaji ta mutu. Sai yayan Laraba da ke aiki a kudu ya wahala ya nemo babban inji na hannu wanda har yanzu yake cin kaset, da dogayen sifiku biyu, ya aiko. Aka yi wa falo fenti da tayil, aka kafa kaya. Ranar da aka kunna, muryoyin mata suka fito tar, har tafi ana ji, amma Baba babu shi.

Laraba ta ce, "Mama ya ce shi da kansa ne ya cinye murya. Wai ya ji kaset da yawa har Baba ya ƙare a ciki. Yanzu ya ɗaure kaset a ɗankwali ya sa a ƙasan akwati, ba ya yarda kowa ya taɓa. Abinci ma sai mun yi faɗa da shi kafin ya ci."

Na ce ta kawo mini kaset ɗin in gwada a shago. Ta dube ni kamar na ce ta kawo mini tsohuwar a goye. Ta ce kaset ba ya ƙetare ƙofar gidan nan. Da yake ba wani aiki ne ya riƙe ni ba, na ja ƙofar shago na ɗauki jaka.

Ku da kuke zuwa aiki da haƙoranku kawai kuna feɗe waya da su, ku ji abin da ke cikin jakar. Sukuddireba ƙarama da babba, filaya, sabuwar reza ta feɗe waya, baƙin salatif, ƙarfen narka dalma, auduga da 'yar kwalbar sifirit ta wanke kan da ke karanta kaset, da naɗin waya mai kyau. In na ce mai kyau, ina nufin tagulla zalla, ba irin wadda ake shafa wa launin tagulla a sama ba. In kana shakka ka kankare sili ɗaya da reza, in ka ga fari a ciki ka mayar wa mai ita. Na ƙarshe kuma batirin tocila guda ɗaya, wanda ba na fita ba shi ko da na manta hula.

Mun tarar da Mama Saratu zaune a kan kujera 'yar tsugunno a ƙofar ɗakinta, gajeruwar tsohuwa mai faɗin tafin hannu, irin hannun da ya san fartanya. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya haƙuri. Ta amsa, ta dubi jakata, ta dubi 'yarta.

Ta ce, "Ɗana, kar ka wahala kanka. Sabulu ma in kana wanka da shi kullum, yana ƙarewa. Ni na ji shi safe, na ji shi yamma, ban bar shi ya huta ba. Laifi nawa ne."

Maganar ta taɓa ni. Na ce mata, "Mama, ni dai a sanina, kaset in ya tsufa siririn sauti yake fara rasawa. Muryar mata ce ya kamata ta dushe kafin ta Baba. Ki bar ni in duba bayan kayan kawai, ba zan taɓa kaset ba sai kin ce."

Ban yi mata alkawari ba, don ni kaina ina da shakka. Kayan hannu ne, mai yiwuwa manyan sifikun ciki sun ƙone tun a can, ko injin ne ke da ciwo. Ga shi an ɗauke wuta tun asuba, babu halin kunnawa in ji da kunnena. Ta ɗaga kafaɗa ta ce in shiga.

Falon ya yi kyau, ba laifi. Injin yana cikin kabad mai gilashi a bango ɗaya, an sa masa kwaɗo saboda jikoki. Sifikun kuma suna ɗaya bangon, tsaye kafaɗa da kafaɗa kusa da talabijin. Da na leƙa bayansu sai na ga ba wayar sifika aka sa ba. Farar wayar nan ce mai murɗe ta kwan fitila, sili biyu duk launi ɗaya, ta hau bango ta shige silin ta ɓullo ta wajen kabad. Laraba ta ce mai wayarin ɗin da ya ja musu wutar falo shi ya haɗa, don ita ta ce ba ta son ganin waya tana jan ƙasa a kan sabon tayil. Ban ga laifinsa ba, aikinsa tsaf yake, ko lanƙwasa babu. Sai dai shi da kwan fitila ya saba, shi kuwa kwan fitila duk ta inda ka juya masa waya kamawa zai yi. Sifika ma za ta yi magana ko ta ina ka juya mata, shi ya sa kowa ke ganin ya iya.

Ga abin da ba ku sani ba. Sifika iska take turawa, takardar gabanta ta fito ta koma, ta fito ta koma. In biyu ne, dole su fito tare su koma tare. In aka juya wa ɗaya waya, wannan tana fitowa waccan tana komawa, sai ya zama kamar mota ta maƙale a taɓo, ɗaya yana turawa ta baya, ɗaya yana turawa ta gaba. Gumi dai za su yi, mota tana nan. Siririn sauti yana samun hanya ya kuɓuce ya iso kunne, amma mai kauri, da yake iska mai yawa yake bukata, abin da wannan ta tura shi waccan take haɗiyewa. In kuma an jera su jiki da jiki kamar na falon nan, haɗiyar ta fi yawa. To, zargina ke nan, amma zargi ba gyara ba ne.

Wanda ya koya mini rabuwa da zargi shi ne maigidana, Malam Tanko, Bakatsine, mai shagon rediyo a kusa da tsohuwar tasha, Allah ya jiƙansa. Da mahaifina ya kai ni wurinsa, na ɗauka washegari za a ba ni ƙarfen dalma. Damina ta zo ta wuce ina feɗe waya ina murɗa bakinta, ba abin da nake yi sai shi. In na miƙa masa, sai ya shafa da babban yatsa ba tare da ya duba ba. In sili ɗaya ya soke shi, ya datse da filaya ya miƙo mini. Ina ganin mugunta ce har ranar da wani mai otal ya kawo amfilifaya, injin da ke ba sifika ƙarfi, tana warin ƙauri. Malam ya juya bayanta ya kira ni, ya nuna mini sili ɗaya tak, siriri kamar gashi, da ya zame daga wurin ja ya taɓa wurin baƙi. Shi ya ƙone wa mutumin inji ana tsakiyar ciniki. Daga ranar ban ƙara jin haushin filayar Malam ba.

Shi ne kuma ya nuna mini aikin batir. Ka cire wayoyin daga bayan inji, ka ɗora wadda ta fito daga wurin ja a kan batir, ɗayar a gindinsa. In haɗin daidai ne, takardar sifika za ta yo waje. In ta shige ciki, an juya. Ba ka bukatar wuta, ba ka bukatar mita. In ka gane wadda ce ta ja, ka yi mata ƙulli ɗaya kusa da baki. Malam yakan ce, "Hamisu, ba kai kaɗai za ka taɓa wayar nan ba. Ka bar wa wanda zai zo bayanka alama, ko da a duhu ya shafa ya gane."

Na sa Laraba ta buɗe kabad, na zare wayoyin ina lura da inda kowace ta fito, na ɓalle ragar gaban sifikun biyu. Daga wajen kabad ba na hango takardar da kyau, saboda haka na leƙa waje na ce, "Mama, ki taimake ni da hannunki." Ta shigo tana jan ƙafa, ba don ta yarda ba. Na sa ta ɗora yatsunta a hankali a kan takardar ta hagu, na ce ta gaya mini abin da ta ji. Na koma na taɓa batir, sifika ta ce dum.

Ta janye hannu da sauri. "Ya ture ni."

Na ce madalla, ta koma ta dama. Na taɓa.

"Wannan ya gudu ciki."

Na sake taɓawa don kada in yi saurin murna, ta sake cewa ya gudu. Na ji daɗi har cikin raina, don gwajin ya nuna mini abu biyu: sifikun suna da rai, kuma faɗa suke yi da juna. Na datse bakin wayoyin da ya yi baƙi, na feɗe sabo, na murɗa, na shafa da yatsa kamar yadda aka koya mini, na ƙulla ta ja, na mayar da kowace gidanta. Na raba sifikun, na jawo su kaɗan daga jikin bango. Na jiƙa auduga da sifirit na wanke kan injin har ta daina fitowa da ja. Aikin hannu ya ƙare ke nan, saura wuta.

Jiran wuta a garin nan ba sai na gaya muku ba. Na je masallacin bakin layi na yi azahar na dawo, na tarar an ajiye mini dafaffiyar doya da manja da yaji. Mama ta zauna nesa kaɗan tana kallona ina ci, ita ba ta ci ba. Na ce mata in Allah ya sa an dace, zan zo da na'ura har gida in kwafe kaset ɗin a memori, don ko ya tsinke a samu madadi. Ta ce, "Me za ka kwafa? Ba kowa a ciki." Amma daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce tun tana budurwa, ranar da ta fara zuwa cocin a baƙunce, ba ta ga fuskarsa ba, yana can layin baya. Bencin da take zaune a kai ne ta ji yana rawa a ƙarƙashinta, ta waiga ta ga wane ne. Ta ce da ya zo neman aurenta ba shi da komai sai zarto da muryar nan, babanta ya tambaye shi ko murya ake tuƙawa a gidansu. Laraba tana daga bakin ƙofa tana ɗinkin hannu, na ga ta daina ɗinkin tana kallon uwarta.

Ana gab da la'asar muka ji yaran unguwa sun ɗauki ihu, fankar silin ta fara juyi. Mama ba ta motsa ba. Laraba ta ce, "Mama, wuta ya zo." Ta ce ta gani. Ta daɗe zaune, har na fara tsoron za a ɗauke kafin ta yanke shawara. Na gane abin da ke ranta. Muddin kaset yana ɗaure, tana iya cewa wataƙila da saura. In aka kunna babu, shi ke nan.

Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ɗankwali a ƙulle. Ta kwance shi a kan cinyarta. Kaset ne irin na da, takardar jikinsa ta yi ruwan ƙasa. Na roƙe ta in ɗan ɗaure zaren da biro don ya saki, ta miƙo amma ba ta sake shi gaba ɗaya ba, ina juyawa tana riƙe da gefe. Ita ta sa shi a inji da hannunta, ni na danna.

Aka fara jin shuuu na tsohon kaset, wani ya yi tari, benci ya yi ƙara. Mata suka ɗauki waƙa. Ni kaina na riƙe numfashi. Da suka kai ƙarshen layin farko sai wata murya ta shigo ta ƙarƙashinsu, mai kauri, mai nutsuwa, har gilashin kabad ya ɗauki rawa. Laraba ta zauna a hannun kujera ta toshe bakinta da zanin da take ɗinki. Na dubi Mama ina jiran in ga ta yi kuka ko ta yi dariya. Tana tsaye a tsakiyar falo, kanta a karkace, har baiti ya ƙare. Sai ta ce in tsayar.

Ta ce, "Shi ne. Useko, na gode ɗana, shi ne. Amma ya tsaya a sama kamar baƙo. Ba a wurin nan yake magana ba."

Gaskiya na ji zafi. Sautin nan ya fita tsaf, ko Malam Tanko ne ya ji zai gyaɗa kai. Na kusa fara yi mata bayani, sai na tuna ba bayani aka kira ni in yi ba. Na ce, "Mama, da daga ina kike jin sa?"

Ta nuna kusurwar falo, can ƙasa, inda aka ajiye wata tukunyar furen roba. "Daga randa."

Laraba ta sunkuyar da kai. Ashe tsohuwar rikodar ba da bakinta take magana ba. Baba Yohanna ya samo sifikar mota a wurin wani bakanike, ya yanko robar tayar keke ya naɗe bakin wata randa, ya kifa sifikar a kai, ya ja waya zuwa rikoda. Ku yaran yanzu ba ku tarar da wannan ba, amma a da, daga nan har ƙauyukan Sunkani, duk saurayin da ke ji da kansa yana da randar kiɗa a ɗaki. Cikin randa yana tara iska ya ba sauti kauri, irin wanda ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Duk shekarun nan, da ransa da bayan ransa, daga cikin randar nan Mama take jin waƙar. Da aka zo gyaran falo aka fitar da ita.

Laraba ta ce a hankali, "Mama, falo ya yi tayil, ya yi fenti. Randa kuma a ciki? Mutane za su ce me?"

Mama ta kai hannu za ta cire kaset ɗinta. Laraba ta dubi hannun, ta ajiye ɗinkinta ta fita. Muka ji tana ture kaya a sito. Sai ga ta ta dawo rungume da randar a ƙirji, yanar gizo-gizo a gashinta, ta ture tukunyar furen da ƙafa ta dire ta a kusurwar. Ta sake fita ta kawo sifikar a cikin wani tsohon buhu.

Na karɓa ina addu'a kada kyankyasai sun cinye takardar. Na hure ƙura, na duba ta a haske, gefe ɗaya ya ɗan tsage amma ba can ba. Na taɓa mata batir, ta ce dum, ta yo waje. Daidai lokacin fanka ta rage gudu, kwan fitila ya yi ja, alamar masu wuta sun fara tunanin ɗaukewa. Ban tsaya neman kyau ba. Na warware wayata mai kyau na ja ta a kan tayil ɗin Laraba. Na cire doguwar sifika ɗaya na ba randa gurbinta, don in na tara su uku injin zai yi zafi. Na feɗe, na murɗa, na shafa, na ƙulla ta ja. Robar bakin randa ta bushe, sai Mama ta miƙo mini ɗankwalin da ta kwance daga kaset, na naɗe bakin da shi na zaunar da sifika daram. Na rage ƙarar inji sosai, don sifikar mota tsohuwa ba ta ɗaukar wasa.

In don ma'aunin sana'a ne, sautin da ya fito bai kai na farko tsabta ba. Ya yi gunji, muryoyin mata sun koma baya, kamar ana waƙar a cikin rijiya. Amma muryar Baba Yohanna ta taso daga ƙasa ta cika ɗakin, har ina jin ta a tafin ƙafata. Mama ta taka zuwa kusurwar, ta zauna dirshan a kan tayil, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora tafin hannunta a jikin randar. Ba ta ƙara duban kowa ba. Leɓunanta suna bin waƙar, hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba. Ni ma na juya ina tattara kayan aikin da na riga na tattara.

Waƙa ta zo ƙarshe, aka ja amin. Mata suka sauke, sauran maza suka sauke, har an fara jin ƙarar benci mutane suna zama. Murya ɗaya ce ta ƙi sauka, tana ta jan amin ɗin ita kaɗai, doguwa, kamar mai ita bai san an gama ba. Sai Mama ta ɗan bugi jikin randar da tafin hannu, ta yi dariya cikin hawaye.

"To ya isa, Baban Laraba. Kowa ya zauna, kai kana ja. Kullum sai ka ba ni kunya."

Kaset ya kai ƙarshe, inji ya yi ƙas ya tsaya. Laraba ta matso ta ce ko a cire a ajiye shi ya huta. Mama ta girgiza kai, hannunta yana kan randa.

Ta ce, "Kawo mini sauran doya nan, yunwa nake ji. Kai kuma ɗana, mayar da shi farko."